Hannun Dama na Madam Biba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar kasuwa ce, bayan Azahar, ina zaune bakin tasha da kwanon kopto, kwaɗon ganyen da nake sayarwa, a gabana, motar Yamai tana lodi, sai salulata ta yi ƙara a cikin ɗaurin zane. Na goge hannu na ciro ta. Saƙo ne a rubuce daga Zainabu, ƴar Madam Biba: "Inna ta rasu. Ku zo." Ban nemi kowa ya karanta mini ba. Na bi haruffan da yatsa kamar yadda marigayiyar ta koya mini, na kai ƙarshe, na koma farko ko na yi kuskure. Ban yi kuskure ba. Ranar na so a ce ban iya karatu ba, ko na sami wanda zan ƙaryata. Na bar kwanon wurin mai ƙosai da ke kusa da ni, na kama hanya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Yau kwana arba'in ke nan. Da son raina ne, da na yi addu'a na zauna cikin mata kamar kowa. Amma akwai magana da ke yawo a garin nan, kuma mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Shi ya sa na rubuta wannan takarda don a karanta ta a wurin sadaka, mata su ji, maza ma da ke zaure su ji.

Maganar ita ce wai Madam Biba ta cika da wasan salula a hannu. Wai mace mai jikoki, ajali ya iske ta tana jera ƴaƴan itace a gilashi kamar yarinya. Daga nan aka ƙara gishiri, aka ce rumfar da take koya mana karatu ba karatu ake yi ba, wasa ake koya wa matan aure. Mu goma sha tara ne a rumfar. Kafin sadakar bakwai, maza sun hana mafi yawanmu fita. Alhaji Garba, ƙanen marigayiya, wanda rumfar take a filin gidansa, ya ce da an tashi daga sadakar yau zai kwance ta. To, kafin a kwance, a saurare ni.

Ga waɗanda ba su san ta ba sai da tsufa: sunanta Habiba. Ta yi shekara talatin da ƴan kai tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Damana, a Bonkuku, sannan a nan Filinge. Akwai masu furfura a zauren nan da ta riƙe musu hannu suka ja layin farko. Da ta aje aiki ta ce hannunta ya saba da alli, ba ya iya zama haka nan. Ta sa aka kafa rumfar kara, ta jingina baƙin allo, ta ce duk macen da ke son haruffa ta zo ranar Laraba da Asabar bayan La'asar.

Ni ban je don sha'awa ba, tsoro ne ya kai ni. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, soja ne. Inda aka kai su rezo, wato layin waya, ba ya ɗaukar murya, sai ɗan rubutu ke kutsawa ya iso, wani lokaci bayan kwana biyu. Duk saƙon da ya shigo sai in ɗauki salula in shiga gari neman mai karanta mini, ina kallon fuskarsa tun bai buɗe baki ba ko zan ga mugun labari a ciki. Wata rana mai shagon sharji ya karanta mini da ƙarfi, shi da abokansa suna ta dariya, wai soja guda yana kewar furar uwarsa. Na koma gida na yi kuka. Larabar da ta biyo na je rumfa.

"Ramatu, mi ya kawo ki?" in ji ta. "Kopto ya bar ciniki?"

"Madam, karatu nika so. Amma kaina ya bushe, shekarata arba'in da huɗu."

"Ƙwarya ma sai ta bushe aka dama hura cikinta. Zamna."

Ta tambaye ni kalmar da nake son fara rubutawa. Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta gane, ta ɗauki alli ta rubuta sunan yaron a kan allona, harafi biyar. Ta ce a hankali, yadda sauran ba za su ji ba: "Baki ke da kunya. Hannu ba ruwanshi." Haka take. Ba ta taɓa sa mace ta ji ta zo a makare ba.

Shekara biyu da suka wuce, lokacin kaka, tana cikin rubutu a gabanmu alli ya faɗi daga hannunta. Ta sunkuya ta ɗauka, ita ma ta bi shi. Aka kai ta likita, aka ce ɓarin dama ne ya shanye. Bayan wata guda magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, amma hannun dama ya dunƙule kamar curin fura, ko da ƙarfi ba ya buɗewa. Da hagu take jan tasbaha. Da hagu take cin abinci, kuma wannan ya fi ciwon yi mata ciwo. Macen da ba ta taɓa cin tuwo ita kaɗai ba ta koma sai an sakaya labule take kai loma baki. Wa a cikin masu magana yau ya san da wannan?

Majo, ma'aikacin jinya na gidan likita, ya ba ta ƙwallon roba, ya ce ta riƙa matsawa kullum don yatsun su motsa. Ta yi mako guda ta jefa wa jikokinta. Ta ce ƙwallo ba ya faɗa mata ko ta yi daidai ko ta yi kure, ita kuwa malama ce, aikin da ba a dubawa ba ya shiga kanta. A nan ne ta ga wani wasa a salular Zainabu. Zan bayyana shi, don da yawa cikin masu zaginsa ba su taɓa ganinsa ba. Fuskar salula tana cika da ƙananan ƴaƴan itace launi-launi, a jere layi-layi. Ana tura ɗaya da yatsa ya canza wuri da na kusa da shi. In uku iri ɗaya suka haɗu a layi sai su ɓace, na sama su zubo su cike gurbin. Kowane mataki yana da abin da yake nema, kuma motsi a ƙidaye yake, in ya ƙare ba a cika aikin ba an faɗi. Shi ke nan. Ba caca, ba hoton banza. Madam ta kai wa majo ya gani, ya ce in dai yatsun dama ne za su yi aikin, ta yi.

Sai ta ɗauke shi kamar darasi. Ta ware masa lokaci, bayan sallar Azahar, tana zaune a kan tabarmar da ta yi sallar, har inuwar garu ta taɓa turmi. Da inuwa ta taɓa turmi ta kife salula, ko saura motsi ɗaya ta ci. Hannun hagu kuwa zama take yi a kansa don kada ya kawo gudummawa. Da farko Zainabu ke riƙe mata wuyan hannu, tana tura ƴaƴan da bayan yatsa, gumi yana zubo mata kamar mai daka. Motsi guda yakan ɗauke ta tsawon karanta Fatiha. Ta kashe kiɗan wasan tun ranar farko, ta ce ba ta son kirarin na'ura. Ƴaƴan kuma ta raɗa musu sunayen na dajinmu: jan shi ne magariya, koren aduwa, mai ruwan ƙasa goriba, baƙin kanya.

Ban ɓoye ba, ta koya mini. Ni da Dije mai nono, mu biyu kaɗai, a ɗakinta, ba a rumfa ba. A rumfa ko salularta ba ta fitowa da ita. Duk macen da ta zauna can ta san haka, ko mijinta ya hana ta faɗa.

Ga dalilin da ta koya mini. Bara da damina na yi kwana ashirin da uku babu saƙo daga yaron. Abinci ya ƙi shiga. Na zuba gishiri sau biyu a kopto har masu saye suka gudu. Kullum da Azahar sai in tsinci kaina a ɗakin Madam ina juya salula a hannu. Rana ta biyar ta karɓe tawa ta tura ƙarƙashin matashi, ta miƙo mini tata.

"Riƙe. Haɗa min magariya uku."

Na shiga tura duk abin da idona ya faɗa kansa. Wasan yana da wata ɗabi'a, in mutum ya ɗan dakata sai wasu ƴaƴa su riƙa ƙyaftawa suna nuna masa inda zai taɓa. Ni kuwa da sun ƙyafta na bi. Kafin ƙiftawar ido motsi ya ƙare, na faɗi.

"Ramatu, ke ba wasa kika yi ba, gudu kika yi. Mi anka tambaye ki?"

"Ban sani ba, Madam."

"Shina rubuce bisa, ba ki duba ba. Goriba ashirin anka ce ki tara, kin tahi kina ta cin kanya. Kin yi aiki, kin yi zuhwa, amma gonar wani kinka nome."

Dije tana gefe da ƙwaryarta, ta fashe da dariya. "Madam, bar ta. Haka taka yi kasuwa, mai son kopto na ashirin ta zuba mishi na hamsin, tana kallon salula."

"Ke yi shiru, mai ruwa cikin nono," na ce.

"Ruwan sama ne, ba ni na zuba ba!"

Madam ta bari muka gama, sannan ta sa na sake. Amma ta ce in ɗora hannu a cinya, kada in taɓa komai sai na karanta abin da aka nema, na duba allon duka tun daga kusurwa zuwa kusurwa, na samo wuri uku da za a iya motsawa. Sai na nuna mata su ukun da baki, sannan in zaɓi ɗaya in faɗi dalili. "Ido shi ka aiki," in ji ta, "yatsa ɗan aike ne." Game da ƙyaftawar nan kuwa ta ce: "Mai saurin ba ki shawara ba shi ka ɗaukar hasara ba. Bar shi ya yi ta ƙyafce-ƙyafcenshi." Ta nuna mini cewa abin da wasan ke nunawa motsi ne kawai da zai yiwu, ba lalle shi ne mai amfani ba.

A kwanakin nan na koyi sauran dabarunta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ba ni biyu a rana guda ba. Ta ce a fara daga ƙasan allo, don in aka cire na ƙasa duk na sama sai sun motsa, sau da yawa su haɗa kansu da kansu ba a kashe motsi ba. Ta ce kusurwa ake fara kai wa hari tun motsi yana da yawa, don can ne abu ke maƙalewa, wanda ya bar ta sai ƙarshe zai tsaya yana kallonta. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haƙuri da uku. In aka haɗa huɗu, wasan yana ba da wani ɗa mai share layi guda, ita ta kira shi tsintsiya. In aka haɗa biyar yana ba da wanda ke kwashe launi guda duka, ta kira shi guguwa. Ni da na ga uku sai hannuna ya tafi. Ta riƙe mini yatsa: "Dubi can. In kinka jira motsi guda, biyar ce. Kina yanke hatsi tun bai nuna ba?" In ta sami tsintsiya ba ta kashe ta nan take, sai ta lallaɓa ta kawo ta kusa da guguwa ta haɗa su, allo ya tashi duka. Nan kaɗai na taɓa ganin ta yi murmushin yarinta, kuma ban ga laifinsa ba.

Tana da kaye, wato littafin rubutu, na musamman. In ta faɗi a mataki ba ta sake shiga nan da nan. Sai ta tsaya ta dubi allon da ya kayar da ita, ta rubuta dalili, da farko da hagu, rubutu kamar tafiyar kaza: na bar kusurwa, na kashe guguwa da wuri, na yi sauri. Ta ce wanda ya faɗi bai san abin da ya tuntuɓe shi ba, gobe ma nan zai faɗi. Kafin ta taɓa sabon mataki takan koma biyu ko uku na baya masu sauƙi, don yatsu su farka, tana ƙoƙarin gama su da motsi ƙasa da na jiya. In ta faɗi sau uku a jere, an tashi ke nan sai gobe. Wasan yakan fito da rubutu yana cewa a sayi ƙarin dama, ita kuwa takan ce masa, "Sai gobe, ɗan kasuwa." Kuma ba ta ɗora wa kanta abin da ba nata ba. Ta ce wani allon tun zubowarsa ba na ci ba ne, ko wa ya zauna kansa, a bar shi ya wuce, rabo bai zo ba.

Ban gane inda ta nufa da ni ba sai daga baya. Yadda nake wasa, haka nake karatu. In saƙo ya zo, idona tsalle yake yi yana neman muguwar kalma a tsakiya, sai in rikice in kasa haɗa ko layi ɗaya. Ta sa na riƙa ɗora hannu a cinya kafin in buɗe saƙo, in ja numfashi, in fara daga farko in bi har ƙarshe. Rana ta ashirin da huɗu saƙo ya shigo ina ɗakinta. Na yi yadda ta ce. Yaron ya rubuta yana lafiya, rezo ne ya ɗauke. Na kifa kai a cinyarta ina kuka, ita kuma ta dafa mini kai. Sai daga baya na tuna da wane hannu ta dafa ni.

Ban ce wasa ne ya warkar da ita ba. Allah ne mai warkarwa, likita ya yi nasa, Zainabu ta yi nata da man shafawa da ruwan ɗumi. Abin da na sani shi ne wata goma tana zama a kan hannun hagu tana tilasta wa na dama aiki, ba ta tsallake rana ba sai da zazzaɓi. Wata Asabar ta shigo rumfa tana jan ƙafa, ta tsaya gaban allo, ta ɗauki alli da dama. Ta ja layin farko, ya karkace. Ta goge ta sake. Dije ta ce, "Madam, wanga rubutu ya sha rana, sai jingina yaka yi." Madam ta ce, "Naki ya hi shi? Taso ki gwada." Muka yi dariya har da hawaye. Bayan darasi ta sa aka kawo dambu a babban kwano, ta wanke hannu, ta zauna a tsakiyarmu ta ci da dama.

Bayan haka ba ta bar zaman Azahar ba, don in ta yi kwana biyu ba ta motsa yatsun ba sai su fara komawa. Saboda haka, i, ranar da ta cika wasan yana buɗe a salularta. Ban zo in ƙaryata wannan ba. Ta yi salla, ta yi tasbihi, ta ɗauki aikin hannunta kamar kullum, Zainabu tana madafa. Da Zainabu ta leƙo ta iske ta jingine da garu, ta yi ihu, wata dattijuwa maƙwabciya ta rugo, ita ta ɗauke salular daga cinyarta. Ba zan faɗi sunanta ba.

Mu uku muka yi wanka: ita dattijuwar, da gwaggon Zainabu, ni ina zuba ruwa. Kowace mace a nan ta san amanar wanka. Abin da aka gani na aibi, tare da gawa ake rufe shi. Na alheri shi ake da izinin faɗa. To ga na alheri: hannun nan na dama, da na san shi a dunƙule, a buɗe yake, ruwa ya bi tsakanin yatsu biyar ba a ɓamɓare ko ɗaya ba. Dattijuwar ma ta gani, ita ta wanke shi. Kwana biyu bayan haka aka ji labarin salula a injin niƙa, daga bakinta.

Na yi mako ina haɗiye abin, sannan na je gidan dattijuwar. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, don a shekaru ta haife ni.

"Gwaggo, na zo gaisuwa, na zo kuma da magana."

"Hwaɗi."

"Ke kinka ɗauke salula bisa cinyar Madam. Bisa mi Madam take zamne?"

"Tabarma."

"Wace tabarma?"

"Ta salla."

"Mi ke rataye ga wuyan hannunta?"

"Tasbaha. Ke alƙali ce?"

"A'a, Gwaggo. Tambaya ce. Abu uku kinka gani. Don mi salula kaɗai ta kai injin niƙa? Tabarma nauyi gare ta?"

"Ni abin da na gani na hwaɗi. Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba. Tsince kinka yi."

Ta gyara zama ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da kinka koyi haruffa jiya, yau ke ka yi min wa'azi?"

"Jiya na koya, Gwaggo. Amanar wanka kuwa tun ina budurwa na ji ta, kuma ga bakinki na ji ta."

Ta ce Allah ya san zuciyar kowa, na ce haka ne, na tashi. Har yau ba ta koma injin niƙa ta kai sauran biyun ba. Shi ya sa na kawo su nan da kaina. Ban san kalmar Madam ta ƙarshe ba, ba ni wurin. Zainabu ba ta wurin. Masu yanke mata hukunci a fadar hira da bakin rijiya, ku ma ba ku wurin. Wanda ke wurin bai ba kowa labari ba, kuma Shi ne mai hisabi.

Maigidana ma ya ji maganar a fada. Ya shigo ya ce, "Ba ki sake zuwa rumfar nan." Na ce, "To, Malam." Ban je ba. Asabar uku ina zaune a gida, La'asar ta yi, hannuna ba ya samun abin yi. Na riƙa tuna matan da suka tsaya a rabin haruffa, da Dije da ta kusa iya rubuta sunan rugarsu. Da na koma yi wa Zainabu gaisuwa na ga baƙin allon an shigo da shi ɗaki, an juya fuskarsa ga garu. Na roƙe ta shi. Ta ce, "Inna Ramatu, ɗauki, nan ƙura kawai zai sha." Na ɗora shi a kai da rana tsaka, na bi ta gaban injin niƙa, ban bi ta bayan gari ba. Na jingina shi a jikin rumbunmu.

Malam ya dawo daga gona ya tsaya.

"Wanga mi ne?"

"Allo ne, Malam."

"Na ga allo ne, ban makance ba. Mi ya kawo shi gidana?"

"Ka hana ni zuwa wurinshi, ban tahi ba. Shi ya zo."

Ya aje hauya. "To wa za ya koyar? Ke?"

"Abin da na iya. Wadda ta san goma tana iya ba wadda ta san uku."

"Mutane za su yi magana, Ramatu."

"Sun riga sun yi, Malam. Sun yi ta bisa wadda ta hi ni, tana kwance ba ta iya amsawa. Ni kuwa da raina. In ka ce a hitar da shi, gidanka ne, sai in hitar. Amma da hannunka za ka nuna min inda zan kai shi."

Bai ce a fitar ba, bai ce a bari ba. Ya yi alwala ya fita masallaci. Kwana biyu ba mu sake tada zancen ba. Ranar Asabar na fito bayan La'asar na iske ya tuge turken jaki daga gindin bishiyar bedi, inda inuwa ta fi yawa a gidan, ya mai da shi bayan rumbu. Na dube shi. Ya ce, "Jakin nan ya cika son inuwa, shi ya sa ya yi ƙiba," ya sa takalmi ya fita.

Ranar mu uku muka zauna, ni da Dije da wata gwauruwa da ba ta da mai hana ta. Larabar da ta biyo mu biyar. Shekaranjiya mu bakwai. Rubutuna a allo bai kai na Madam ba ko na lokacin da hannunta ke karkacewa, kuma inda na tsaya nakan ce musu ban sani ba, mu jira Zainabu ta zo ta duba mana. Ta yi alkawarin zuwa duk Asabar.

Alhaji Garba, kai babba ne, kuma kai ka fi mu rashi, ciki ɗaya kuka fito. Rumfa itacenka ce, filinka ne, in ka kwance ba wanda zai ce ka ci haƙƙin kowa. Abin da nake roƙo kada ka kwance ta da sunan yayarka ta bar abin kunya, don ba ta bari ba. Ku kuma mazan da kuka tsare matanku, ban isa in ba ku umarni ba. Gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Ku zo da kanku ku tsaya bakin ƙofa ku ga abin da ake yi. Za mu zauna Laraba, za mu zauna Asabar, ko mu bakwai ne, ko ni kaɗai ce.

Ya Allah, baiwarka Habiba ta zo gare Ka. Ka san abin da ke hannunta, Ka san abin da ke zuciyarta, Ka san dalilin da ya sa ta wahalar da yatsun nan har suka koma ɗaukar alli da tasbaha. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa kowane harafi da ta dasa a kan babba da yaro ya zama sadaka mai gudana gare ta. Ka ba ta littafinta a hannun dama. Ka ba Zainabu da ƴan'uwanta da jikoki haƙuri, Ka tsare su daga kaifin harshe. Ka sanyaya zuciyar Alhaji Garba. Dattijuwar da ta yi magana, ita ma Ka yafe mata, Ka ba ta mai rufa mata asiri ranar da za a zuba mata ruwa. Ka tsare ƴaƴanmu da ke nesa, Ka maido mana su lafiya. Mu kuma, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ko me ta iske mu muna yi. Amin.